Kalmar da Aziza Ta Zaɓa

"Idan kika faɗa masa, ni da ke ne, Aziza!"

Mama ta tare ƙofar falo. A waje Sharhabil, wanda zai aure ta, yana jira cikin mota, a layinsu na unguwar Doka.

"Mama, saura wata ɗaya biki..."

"Shi ya sa na ce ki yi shiru! Bari a ɗaura tukuna."

Tun tana jami'a aka yi wa Aziza tiyata saboda ƙari, likitoci suka cire mata mahaifa. Ban da 'yan gida babu wanda ya sani. Shi kuwa Sharhabil ɗan wani malamin allo ne a Unguwar Kanawa, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu.

Ta raɓa ta gefen Mama ta fita.

Yana ganinta ya washe baki. "Barka da sabuwar shekara, hasken idona! Kin tuna alkawarinmu? Kowa ya zaɓi kalma ɗaya da zai riƙe bana. Tawa dai ba wuya... Aziza!"

Ba ta yi dariya ba.

"Tawa gaskiya ce."

"Masha Allah, kalma mai kyau."

"Ba zan taɓa haihuwa ba, Sharhabil."

Ta zayyane masa komai, idonta a kan yatsunta. Ya saurara har ta gama. Can ya ce, "Ke nake so, ba 'ya'ya ba. Amma kada Inna ta ji."

Sai dai Inna, mahaifiyarsa, ta ji. Lubna, 'yar ƙanwarta da ke zaune a gidan, wadda ta daɗe da saka shi a rai, ita ta tsinci zancen yana waya da wani abokinsa likita. Ko sallar la'asar ba a yi ba ta kai labari.

Inna ta daina cin abinci. Ta ce muddin tana numfashi sai ta goya jikanta, in ya auri Aziza kuwa kada ya zo jana'izarta.

Kiransa ya ragu. Daga baya ya ɗauke ɗif.

Ranar wata Asabar gwaggonninsa suka zo karɓe lefen da suka kawo. Aziza na tsaye ana fitar da akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Ta taga ta hango motarsa, ta fita ko takalmi babu.

Ya rame, idanunsa jajir.

"Masoyiyata... na roƙi Inna har da kuka, wallahi."

"Na sani."

Ya kifa kai a sitiyari. "Me ya sa kika faɗa? Da kin bari an ɗaura, wa ya isa ya raba mu?"

Maganar ta fi fitar akwatunan yi mata ciwo.

"Au, da ka fi so in yaudare ka?"



Ta zare zobensa ta ajiye a kujerar da ta saba zama.

"Allah Ya ba ka 'ya'ya masu albarka. Ka gaida Inna."

"Aziza! Aziza, tsaya..."

Ba ta waiwaya ba. A falo ta tarar da Mama zaune a ƙasa, a gurbin da akwatunan suka bari. Aziza ta tsaya tana jiran faɗa.

Mama ta ɗago, fuskarta sharkaf da hawaye, ta buɗe hannuwa.

"Zo nan, 'yata. Tsoro ne ya sa ni... ki yafe min."

Aziza ta zube a cinyarta. Sai a lokacin kukan ya zo.