Koren Ruwa a Tafkin Bolari

Da hantsin Litinin aka kawo wa Insifekta Bilkis rahoton. Wata yarinya mai suna Su'ad ta nutse a tsohon tafkin ninkaya na bayan Bolari, lokacin darasin yara na ranar Asabar. An ciro ta da rai, amma sai da aka sha lalube, domin ruwan ya yi kore shar, ba a ganin ƙasansa.

Tafkin tun zamanin Turawan auduga yake. Hukuma ta ce ta damƙa shi ga ƙungiyar motsa jiki ta unguwar, ƙungiya ta ce gyara aikin hukuma ne. Tun a waya wannan turereniyar ta ishi Bilkis.

A asibiti ta sami Najeeba, uwar yarinyar, idanunta sun kumbura. Surukarta ta daina yi mata magana, domin shugaban ƙungiyar, Alhaji Hamman, ya baza cewa waya take latsawa har 'yar ta nutse.

"Wallahi a bakin ruwan nake tsaye, Insifekta. Kuma Su'ad ta iya ninkaya, ni na koya mata."

Su'ad ta ce wani abu mai santsi ne ya goge ta, ya soke ta a ƙafa, ta firgita ta sha ruwa. Bilkis ta ɗaga zanen da aka lulluɓe ta da shi. Ga ɗan huji a sha-raɓarta, ya kumbura kamar sukar ƙaya.

A tafkin, mai koyar da ninkaya, Koci Friday, ya rantse cewa kulorin da ake tsabtace ruwan da shi ya ƙare tuntuni. Makullin sito kuma yana hannun Alhaji.

Bilkis ta leƙa ta tagar siton. Ga robobin kulorin a jere, ko buɗe su ba a yi ba.

"Koci, waɗannan kunun gyaɗa ne a ciki?"

Friday ya sosa ƙeya. Ya ce Alhaji ne ya hana a zuba, wai yana cinye tsohon siminti.

Ta zaga tafkin tare da shi. Ruwan shiru, sai wani ƙarni-ƙarni da ke tashi daga ɓangaren zurfi, bayan igiyar da ta raba shi da na yara.

Can sai ga Alhaji Hamman cikin kayan motsa jiki, tumbi a gaba. Ya ce shi ya riƙe wurin nan da gumin goshinsa lokacin da kowa ya gudu, kuma ba zai bari sakacin mace ɗaya ya hana yara darasin Asabar mai zuwa ba.

"A cikin wannan ruwan, Alhaji?"

"'Yata, a cikinsa muka girma. Ga mu nan da ranmu."

'Yar Bilkis ma ba ta wuce sa'ar Su'ad ba, kuma ta daɗe tana naci a kawo ta nan.

Yana magana yana kai-komo a bakin zurfin. Nan ta lura ruwan yana motsi daidai ƙafarsa. In ya yi gaba, motsin ya bi shi. In ya juyo, ya juyo. Ita da Friday kuwa sun bi ta wurin ɗazu, ko gezau.

"Alhaji, ɗan taka zuwa can kusurwar."

Ya taka. Ruwan ya raka shi.

Ta buɗe jakarta, ta ciro biskit ɗin da ta saya wa 'yarta, ta marmashe ta watsa. Nan take ruwan ya hau tafasa. Bakunan tarwaɗa masu gashin baki suka cika saman tafkin, suna wawaso.

"Kifi ya san takun mai ba shi abinci," in ji ta. "Buɗe mana bayan motarka."

Buhun abincin kifi ne a ciki, da sabuwar raga.

Alhaji ya zauna a kan dakali. Ya ce da damina, da aka rufe tafkin, ya zuba 'ya'yan kifin. Ya gaji da zirga-zirgar ofisoshi a kan injin tace ruwa da ya mutu, ya ce bari su girma ya sayar ya gyara. Ya killace su da raga a ƙarƙashin igiya, ashe ta yage, kifin suka tsallako ɓangaren yara. Kulorin kuwa kashe su zai yi.

"Saura kaɗan su isa kasuwa, Insifekta."

"Ka tausaya wa kifi, ka tura 'ya'yan mutane cikin ruwan da ba a ganin wanda ya nutse. Sannan ka ɗora wa uwarta."

Kofur ɗin da ya rako ta ya kama hannun Alhaji zuwa mota.

Friday ya tambaya wa zai kwashe ruwan yanzu, hukuma ko ƙungiya. Bilkis ta karɓi kwaɗo, ta garƙame ƙofar tafkin da hannunta, ta jefa makullin a jaka, sannan ta kira Najeeba.

"Surukarki tana kusa? Miƙa mata wayar, ina da magana da ita."