Waɗanda Gladys Ba Ta Ƙirga Ba

Rana ta kusa faɗuwa a unguwar Rikoto da ke Zuru, Gladys na zaune a tsakar gida da takardunta. Injiniyar ruwa ce. An ba ta aikin zaɓar inda Zuru za ta riƙa samun ruwa nan da shekara ashirin: dam, ko rijiyoyin burtsatse, ko marmaron da ke gindin wani dutse a hanyar Ribah. Marmaron ta zaɓa. Za a rufe bakinsa da siminti, a janye ruwan duka cikin bututu. Kwalabe uku da ta ɗebo don gwaji suna jere a kan taga.

Sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Ta biyu ta faɗo a gabanta, jiƙe sharkaf, alhali rabonsu da ruwan sama wata huɗu.

Tun daga yammacin nan ƙishirwa ta kama 'yarta Praise. Tana sha, leɓɓanta na tsagewa. Asibiti ba su ga komai ba. Fasto ya yi addu'a. A rana ta biyar, da yarinyar ta kasa tashi, Gladys ta kira maƙwabcinsu, Malam Lukuman.

Ya zo bayan magariba, ya daɗe yana karatu. Praise ta miƙe zaune, muryar tsoho na fita daga bakinta.

"Mu ne na marmaro. Matar nan ta ƙirga mutane, ta ƙirga shanu, har jariran da ba a haifa ba ta ƙirga. Mu fa?"

"Shi ne za ku kama yarinya?" in ji Malam.

"Don uwarta ta ga yadda ƙishirwa take."

"Baba," in ji Gladys, "dubban mutane ne za su sha."

"Ba mu hana ba. A bar mana rabi."

Gladys ta dubi leɓɓan 'yarta. Ta san rabi ba zai ishi gari ba.

"Zan bar muku kashi ɗaya cikin huɗu. Giɓin in cike shi da rijiyoyi."



"Mun yarda. A mayar mana da kwalaben," in ji muryar.

Praise ta sulale. Da aka kai mata kofi, ta kurɓa sau biyu ta ture. "Mama, ya isa."

Ranar da Gladys ta miƙa rahotonta, shugabanta ya ɗora yatsa kan kashin da ta ware.

"Madam, wannan na su wa ne?"

"Na waɗanda muka tarar a wurin, ranka ya daɗe."