Kaka na Biyar

Sholpan na riƙe da kofin shayi lokacin da Sanjar ya fara jero sunayen kakanninsa.

"Ci gaba mana, yarona," in ji Kairbek-aga, shugaban kwamitin da suke koyon aiki a ƙarƙashinsa, yana jan akushin kan rago zuwa gabansa. "Namijin da bai san kakanninsa bakwai ba maraya ne, ko da uwarsa da ubansa na raye."

Sanjar ya yi murmushi, ya saci kallon Sholpan ta tsakanin kawunan sauran ɗaliban.

"Ni Sanjar ɗan Marat, ɗan Serik, ɗan Ospan, ɗan Tileu..."

Tileu.

Ta san sunan nan, ta sha jinsa cikin sunayen danginsu. Amma ai Tileu da yawa a duniya, ta ce wa zuciyarta, ya Allah ka sa wani ne daban...

"...ɗan Jarkinbai Bahago, wanda ya haƙa rijiyar Karasu."

Kofin ya suɓuce, shayi ya malale a kan farin mayafin tebur.

Jarkinbai Bahago! Sunan da ta tashi tana ji a bakin kakanta safe da yamma. Shi ne na biyar a jerin kakanninta ita ma. Ko yaron goye a ƙasar Kazak ya san abin da hakan ke nufi: waɗanda suka haɗa kaka kafin a ƙirga bakwai, wa da ƙanwa ne, babu aure tsakaninsu har abada.

"Laaa!" Dilnaz ta tafa hannu, har da dafe ƙirji. "Aga, ka ji ikon Allah! Ai Sholpan ma jikar Bahago ce, kullum ina jin kakanta yana jero mata su a waya. Ashe 'yan'uwa muke zaune da su ba mu sani ba!"

Kai, Dilnaz! Mai neman kuka aka jefa da kashin awaki. Ɗakinsu ɗaya da Sholpan a masaukin ɗalibai, jami'arsu ɗaya da Sanjar a Karaganda, kuma ta daɗe tana mutuwar sonsa yana yi kamar bai gani ba. Ita ce ta yi ta zuga tsohon tun da aka zauna cin abincin rana: a gwada samarin zamani mana, Aga, a ga ko sun san asalinsu. Ta san sarai inda za a kwana.

Kairbek-aga kuwa, bawan Allah, fuskarsa ta cika da fara'a. Ya yanko kunnuwan ragon biyu, ya miƙa wa kowannensu ɗaya.

"Ka zo birni neman ilimi ka tsinci ƙanwa! Tashi ka gaishe ta yadda ya kamata. Daga yau amanarta na wuyanka, kai za ka tsaya mata ranar da za a kai ta gidan miji."

Aka ɗauki tafi.

Sanjar ya miƙe, fuskarsa ta yi fari fat. Sholpan ba ta jira ya ƙaraso ba, ta zari rigar sanyinta ta fice.

*

A bakin titi ya cim mata, iskar Astana na yankar fuska.

"Sholpan! Tsaya, don Allah!"

"Kar ka taɓa ni..."

"Ruhina, ki saurare ni."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan! Ba ka ji abin da aka ce ba? Yayana ne kai!"

Ta faɗa ta fashe da kuka, don kalmar ta fi ƙarfin bakinta.

Abin haushin shi ne, tambaya ɗaya tak da ta raba su da wannan masifa. Ko a motar haya ka haɗu da baƙo, kafin a yi nisa an tambaye ka danginka. To amma su ranar farko da aka tara su, ɗaliban da aka zaɓo daga jami'o'in ƙasa don su yi zango guda a babban birni, da safe aiki a majalisa, da yamma darasin tsara manufofin gwamnati, malamarsu ta buga tebur ta ce: a nan ba a tambayar dangi. Wannan tambayar ce take sa a ba ɗan'uwa kujerar da bai cancanta ba. Ku ajiye ta a bakin ƙofa.

Su kuma 'yan ƙwalisa suka ajiye, har da jin kansu wayayyu.

Aka tura su kwamitin noma da kiwo tare. Ita ke tace bayanan da makiyaya suka kawo, shi ke haɗa rahoto. Shi ya koya mata yadda ake tsayawa gaban 'yan majalisa ba tare da murya ta yi rawa ba, ita ta koya masa cewa rijiya a takarda daban take da rijiya a daji. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ya riga ya ce da an rufe zango zai turo manyansa.

"Dokar ƙasa ba ta hana mu ba," in ji Sanjar. "Addini bai hana ba. Mu da muke karanta doka kullum..."

"Je ka gaya wa mahaifiyarka haka."

Ya kau da kai.

"Ka gani?" ta ce. "Ni ma tsoro nake ji, Sanjar. Wallahi tsoro nake ji. Na riga na gaya wa Mama akwai masu zuwa. Abu na farko da Baba zai tambaya shi ne ɗan waye."

"To tare za mu je mu amsa."

"Kashe ka zai yi!"

"Ya kashe ɗin."

*

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san yadda ta yi su ba. A ofis kowa ya gan su sai ya ce, ina yayanki? ina ƙanwarka? Dilnaz kuwa har shayi take haɗo mata.

"Ki sha, ƙawata, kin rame. Ai abin farin ciki ne, ko? Ni da ba ni da yaya namiji har kishinki nake."

Sholpan ta dube ta kawai. Ba ta da ƙarfin faɗa, tsoron abin da ke jiranta a gida ya cinye komai.

Ranar hutun mako ta hau jirgin ƙasa zuwa Semey, daga nan mota zuwa ƙauyensu. Ta hana Sanjar biyo ta, ta haɗa shi da Allah. Tana sauka a tasha ta hango shi yana saukowa daga taragon baya, hannu cikin aljihu, kai a ƙasa.

"Ba ka da hankali!"

"Na sani."

*

Mama ta soya baursak, irin fankensu na can, an dafa naman doki, an shimfiɗa abin cin abinci na manyan baƙi. Ata Nurgali, kakanta, yana zaune a can ƙuryar girma da hularsa, ya tsufa har idanunsa sun fara fari. Kusa da shi mahaifinta, Bolat, mutumin da in za a yi taron jikokin Bahago shi ake ba wa magana.

Sanjar ya gaisa da hannu biyu, ya zauna daga bakin ƙofa.

"Madalla da baƙo," in ji Bolat. "Ɗan wane gida ne?"

Sholpan ta runtse ido. Tana jin sunayen suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Har ya kai na biyar.

Bolat ya ajiye wuƙarsa a hankali.

"Sholpan. Wannan ne wanda kika ce wa uwarki zai turo?"

"Baba... ba mu sani ba..."

"Ba ku sani ba! Na tura ki birni ki koyo yadda ake tafiyar da ƙasa, kika kasa tambayar da makiyayin da bai taɓa shiga aji ba yake yi! Wata nawa kuna tare, bakinku ciwo yake?"

"Baba, laifina ne," in ji Sanjar. "Ni ya kamata..."

"Rufe mini baki! Kai ɗana ne, shi ya sa ba zan ɗaga maka hannu ba. Ci abincinka a matsayin ɗan gida, ka tashi ka tafi."

"Ina sonta, Baba."

Mama ta saki salati, ta toshe baki da gefen ɗankwalinta.

Bolat ya miƙe tsaye. Ya juya ga tsohon.

"Ata, ka ji da kunnenka. Yau sai ta zaɓa. In ta ce ta bar shi, shi ke nan. In ta ƙi, ka juya mata bayan hannu, in san ban haifa ba."

Sholpan ta san abin da yake nufi. Addu'a da tafin hannu albarka ce. Addu'a da bayan hannu kuwa, wadda tsoho ke yi wa ɗan da ya fita daga zuri'a, babu ruwan da ke wanke ta. Tun tana ƙarama take jin labarin waɗanda aka yi wa, ba ta taɓa jin wanda ya ƙare da kyau ba.

"Kin bar shi?" in ji Bolat.

Ta buɗe baki. Ta so ta ce eh, wallahi ta so, don tsoro ya kai mata har wuya. Sai ta dubi Sanjar, kalmar ta ƙi fita.

"Kin bar shi, na ce!"

Hawaye kawai ke zuba.

Ata Nurgali ya fara ɗaga hannuwansa. Sholpan ta ƙura musu ido.

Sai ya tsayar da su a kan gwiwoyinsa.

"Zauna, Bolat."

"Ata..."

"Na ce ka zauna. Yarinyar nan ba ta haɗa jini da yaron nan ba."

"Ata, ka manta ne? Mahaifinka Kasen ɗan Esim, Esim ɗan Bahago..."

"Ni zan manta? Ni da na koya maka?" Tsohon ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kasen bai haife ni ba."

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Shekarar babbar yunwa ya tsince ni a gefen hanyar jirgi. Ina tafe da ƙafata, ina jan rigar wata mata da ta riga ta sanyaya. Fuskarta ma ta ɓace mini, rigar kawai nake tunawa. Ya ɗauke ni ya kai gida. Da abinci ya dawo ƙasa, ya yanka rago, ya damƙa mini ƙashin ƙwauri a gaban dattawa ya ce wannan ɗana ne. Duk wanda ya ga ranar ya riga ya mutu. Na ce zan shiga kabari da maganar nan, don kar wani ya dube ku a taro ya ce ba ku da asali."

Ya juyo da fararen idanunsa wajen Sholpan.

"To amma in juya wa wannan bayan hannu saboda jinin da babu shi a jikinta? Me zan ce wa Allah?"

Sholpan ta rarrafa ta kifa kanta a cinyarsa tana kuka mai sauti. Ta san abin da ya ajiye yanzun nan saboda ita. Gobe labari zai zaga dangi, kujerar da yake zama a kai a wurin taro wani za a ba.

"Ata, ka yafe mini... Ata..."

"Yi shiru, 'yar raƙumata. Ke kika sa yunwa?"

Bolat ya zube a inda yake. Babban mutum, mai tsawa ɗaya gida ya yi tsit, sai ga shi yana magana kamar ƙaramin yaro.

"To mu su waye, Ata?"

"Ban sani ba, ɗana. Ko sunan da uwata ta sa mini ban sani ba."

Ya yafito Sanjar da hannu.

"Matso nan, jikan Bahago. Gidan kakanka ya ciyar da ni, ya ba ni sunansa, yau ga shi na mayar masa da 'ya. Ka je ka turo manyanka. In mahaifiyarka ta yi gardama, ka kawo ta nan in gaya mata da bakina."

Sanjar ya durƙusa kusa da Sholpan, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Tsohon ya ɗaga hannuwa, tafinsu na kallon sama. Mama ta ɗaga nata. Aka daɗe ana jiran Bolat, kafin shi ma ya ɗaga.

Da aka shafa, Bolat ya ce a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba:

"In jikokina suka tambaye ni kakanninsu bakwai fa? Me zan ce musu?"

Ata Nurgali ya ɗora hannu a kan Sholpan.

"Ka ce su fara ƙirga daga kaina."