In'inar Malam Lawan

Ranar da Salamatu ta fara shiga kemis ɗin da Habibullah yake aiki a Gyadi-Gyadi, sallamarta ma da ƙyar ya ji. Ta raɓe a gefen kanta cikin farin hijabin ɗaliban koyon jinya, sai da masu sayen magani suka ragu sannan ta miƙa masa wayarta. Ya karɓa yana zaton sunan magani ne aka rubuto mata.

Abin da ya gani shi ne: "Kai ne Habibullah mai shirin Hirar Tabarma? Ni ce autar marigayi Malam Lawan direba. Muryar Babana nake nema."

Ya ɗago ya dube ta. Doguwa ce, siririya, idanunta irin na wanda ya gaji da kuka ya haƙura. Nan take ya ji wani abu ya tsirga masa, ya rasa ko tausayi ne ko wani abin daban.

Shi dai Habibullah ya kusa shekara goma yana fama da wannan shiri na fodkas, wato hirar da ake naɗa a ɗora a intanet, mai so ya saurara a wayarsa. Ba kuɗi yake samu ba, ba suna ba. Mahaifiyarsa ce ta rasu yana gab da gama sakandare, bayan an watse daga zaman makoki ya bincike wayoyin gidan kaf bai sami muryarta ko da ta gaisuwa ba. Wata rana ya wayi gari ya kasa tuna yadda take kiran sunansa. Wannan ne ya sa ya fara bin dattawan unguwa yana naɗar hirarsu.

Da ƙaramar waya ya fara, a ɗakinsa na Tarauni, yana lulluɓa da bargo cikin zafin bazara don kada hon ɗin 'yan a-daidaita-sahu ya shiga. Abokai suka sa masa suna Gidan Rediyon Bargo. Ɗan'azumi, wanda suka fara tare, yana yin aure ya ce shi kam ya yi ritaya. Masu sauraro kuwa ko sahu biyu ba za su cika a masallacin unguwa ba. Amma abu ɗaya Habibullah yake taƙama da shi, tace murya. Tari, kukan zakara, jan numfashi, duk sai ya bi su ya yanke.

Malam Lawan, tsohon direban motar ɗaukar marasa lafiya, yana cikin waɗanda ya naɗa. Dattijo ne mai labari kamar ya shekara ɗari, sai dai yana da in'ina mai nauyi. Habibullah ya ɓata yammaci da yawa yana cire ta, har hirar ta fito sumul kamar ta mai karanta labarai. Da ya kai masa ya ji, tsohon ya cire abin sauraro na kunne ya mayar masa, ya ce Allah ya yi albarka kawai. Habibullah ya ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Don haka da fara'a ya gaya wa Salamatu cewa hirar tana nan a intanet, yanzu ma zai tura mata. Ta girgiza kai. Leɓɓanta suka yi ta rawa kafin magana ta fito.

"N-na ji ta. Wannan b-ba Babana ba ne."

Sai a lokacin ya gane dalilin rubutun. Ta asali take so, wadda ba a taɓa ba. Ita kuwa tana cikin tsohuwar kwamfutarsa da ta mutu tun bara waccan, tana ƙarƙashin gado ƙura ta rufe ta. Ya ce zai duba, ya karɓi lambarta.

Kwamfuta dai ba a duba ba, amma lamba ta yi aiki. Ashe yarinyar da ba ta iya haɗa kalma uku a gaban mutane, a rubuce bakinta ya fi reza.

"Malam Mai Bargo, yau ma an shiga turaka da makirufo? A dai riƙa leƙowa ana shan iska."

"Salmata, in na narke a ciki ke za a kama, don tunaninki ne ya sa na manta da zafin."

"To Allah ya shirya. Ni dai ban karanci jinyar masu narkewa ba tukuna."

Kafin damina ta sauka ya fara zuwa zance ƙofar gidansu. Yana sonta so na gaskiya, wannan babu tantama. Sai dai yana da wata ɗabi'a da bai san yana da ita ba. Duk sanda harshenta ya sarƙe, sai ya yi wuf ya ƙarasa mata kalmar. Ita kuma ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, sauran maganar ta haɗiye. A ganinsa sauƙi yake yi mata.

Mahaifiyarta, Inna Saude, tana jin ko wane ne ta ɗaure fuska.

"Yaron da ya gyara wa Malam baki bayan Allah ya gama halittarsa?"

Ta ce ita ta zauna da Malam sama da shekara talatin, ba ta taɓa ƙarasa masa kalma ba, kuma ranar da ya ji hirar nan ya shigo gida jikinsa a sanyaye, ya ce ashe haka mutane suke so ya zama. Wanda ya ji kunyar in'inar uba, in ji ta, zai ji kunyar ta 'ya. Ga Mubarak nan, ɗan yayanta da yake koyarwa a Hotoro, tare suka tashi da Salamatu, ya san yadda ake jiranta ta gama magana, kuma ya daɗe yana sonta.

Salamatu ta yi kuka, ta ce Inna ba ta san shi ba ne. A ranta ta ƙudura sai ta nuna mata.

Wani yammaci ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta tura wa Habibullah saƙon murya. Labarin Babanta ta ba shi, yadda yake goya ta a kan babur zuwa Islamiyya, yadda in yara sun kwaikwaye ta yake cewa su biyu Allah ya ba su magana mai tsada, shi ya sa ba ta fita da arha. Habibullah ya saurara har idonsa ya cika. Ya roƙe ta ya sa saƙon a shirinsa na gaba. Ta amince da sauri, abin da take nema ke nan.

Ranar da shirin ya fito ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da Inna, ta kunna.

Murya ta fito tas, babu tuntuɓe ko ɗaya. Hannun Habibullah ya riga ya saba, ya bi ta ya share kamar yadda yake yi wa kowa, yana ta murnar zai ba ta mamaki. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Da ma faɗa ta yi, da ya fi sauƙi.

Saƙo ya shigo wayarsa yana tsakar ba wata mata maganin tari.

"Na zaunar da Inna don ta ji ba ka jin kunyata. Sai muka ji wata yarinya mai santsin baki. Ita kake so, Habibullah, ni kuma ban san ta ba. Allah ya haɗa ka da ita."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, ya rantse, ya ba da haƙuri, shiru. Bayan 'yan makonni Ɗan'azumi ya zo masa da labarin cewa mutanen Mubarak za su kai gaisuwa bayan Babbar Salla.

Hirar Tabarma ta tsaya. Yakan zauna gaban makirufo ya buɗe baki, sai ya ji babu abin da ya cancanci a ji daga gare shi. Ya rame, abinci sai an matsa masa. Abin da ya fi cinsa shi ne shi da ya fara wannan aiki don kada muryar wani ta ɓace kamar ta mahaifiyarsa, shi ne da hannunsa ya ɓatar wa wasu da ta mahaifinsu.

Ya jawo tsohuwar kwamfutar ya kai kasuwar waya ta Farm Centre, wurin wani mai gyara, Inuwa. Inuwa ya yi iya yinsa, ya ce hirar asali kam ta tafi, sai haƙuri. Abin da ya tsira wata folda ce da Habibullah ya sa wa suna Shara, inda yake zuba duk abin da ya yanke.

Ya koma gida ya buɗe. Guntu-guntun Malam Lawan ne a ciki, rabin harafi, jan numfashi, ƙarar tafin hannu a kan gwiwa in kalma ta ƙi fita, da 'yar dariyar da yake yi wa kansa in ta fito. Habibullah ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ya gwada mayar da su cikin hirar da ya tace, ya kasa. Bai san wanne ne na ina ba. Mutum ɗaya ce a duniya ta sani.

Bayan la'asar ya yi sallama a gidan su Salamatu. Inna Saude ta bar shi tsaye a soro har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ta leƙo. Ya durƙusa ya ce ba maganar aure ce ta kawo shi ba, kayan Malam ya zo mayarwa, amma bai san mazauninsu ba sai ta nuna masa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce a shimfiɗa masa tabarma.

Ya sa mata abin kunne, ya ɗora wani guntu a inda yake zato.

"Ba nan ba. Malam ba ya sarƙewa a kan sunan Allah. Kai shi gaba, inda zai ce asibiti, nan yake bugun gwiwa."

Haka suka riƙa yi, yammaci bayan yammaci. Ya taso daga kemis ya zo, ta ajiye tsintar shinkafarta ta zauna. Wani lokaci ta yi masa tsawa, wani lokaci ta manta da shi ta shiga ba da labarin Malam. Salamatu ba ta fitowa, amma labulen ɗakinta yakan motsa ko babu iska.

A ƙarshe guntu ɗaya ya rage, mai tsawo, harafi ɗaya tsohon yake ta ja kamar mai tura mota a yashi. Habibullah ya gwada shi wurare da dama bai zauna ba. Inna ta saurara, sai ga hawaye yana bin kumatunta.

"Wannan nawa ne. Sunana yake son faɗa. Tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu bai taɓa faɗarsa a tashi ɗaya ba."

Ya mayar da shi inda Malam yake cewa matarsa Saude ce ta riƙe masa gida duk shekarun da yake kan hanya. Ta ce a maimaita. Ya maimaita. Ta sake cewa a maimaita.

Labule ya ɗaga. Salamatu ta fito da kofin ruwa, ita ma ta rame, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ta buɗe baki, harshe ya sarƙe a kan harafin farko na sunansa. Ta ja, ta sake ja, idonta a rufe. Kalmar tana kan leɓensa, ya san ta tunda sunansa ne. Bakinsa ya motsa, sai ya mayar ya rufe, ya zuba mata ido yana jira. Inna tana kallon su biyun.

"H-H-Habibullah. Ka sha ruwa."

"Na gode, Salmata," ya ce.

Da zai tafi Inna ta raka shi har soro, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce maganar Mubarak ita za ta je ta sami yayanta da kanta, shi kuma ya turo magabatansa. Mubarak ya ji ciwo, amma ɗan halak ne, ya ce tun suna yara bai taɓa son ganin hawayen Salamatu ba, ba zai fara yanzu ba.

Habibullah ya sauke tsohuwar hirar ya ɗora cikakkiya. Ta ƙara tsawo sosai, kuma masu sauraron da suke kaiwa ƙarshenta ba su da yawa. Ko a jikinsa.

Aka ɗaura aure wata Asabar a masallacin unguwa, ƙanin Malam Lawan ne waliyyi. Da yamma, kafin a kai amarya Tarauni, aka shigar da ita ɗakin Inna don nasiha, mata sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Inna ta ce ita ba ta da abin faɗa, uban yarinya ne zai sallame ta. Ta ɗauko waya ta kunna ƙarshen hirar, inda Malam yake addu'a.

"Allah ya yi wa 'ya'yanmu..."

Sai ya sarƙe. Aka ji tafin hannu a kan gwiwa, aka ji jan numfashi. Amarya tana kuka a cikin mayafi, ɗakin ya yi tsit, babu wadda ta ƙarasa masa.

"...a-a-albarka."

Sannan mata suka ce amin.