Garin Alabon Malam Audi

Ranar da Bilyaminu ya kawo injin busar da gari gidan Malam Audi, ya fi kallon 'yar gidan fiye da injin. Bara'atu kuwa ta yi kamar ba ta lura ba, alhali sau uku tana kawo masa ruwan sha.

Tun da 'yan daji suka raba su da gonarsu ta Randagi, garin alabo ne sana'ar gidan a Birnin Gwari, damina kuma ba ta barin shanya. Injin da Bilyaminu ya haɗa da hannunsa yana huro iska mai zafi ta ƙarƙashin wani faranti mai ƙananan huji, yana kuma jijjiga shi.

"Ɗanyen gari mannewa yake," in ji shi. "In babu jijjiga, iska huda hanya ɗaya za ta yi ta wuce, sauran ya dunƙule."

Ta ce ta gane. Bakinsa kawai take kallo.

Soyayya ta yi nisa. Kullum da la'asar yakan kira ta tana tsaron injin, ƙara kuma ta hana ta jin muryarsa. Sai ta samo guntun itace tana tokare farantin ya daina jijjiga, su sha hira. Saman gari ya bushe, ta ɗura a buhu.

Cikin mako guda buhu shida suka yi fumfuna.

Malam Audi ya wanke Bilyaminu tas a ƙofar gida, gaban maƙwabta. "Aikinka ha'inci ne. Kada na ƙara ganin ƙafarka nan."

Bilyaminu ya kwance injin ya duba, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Saƙonsa ya shigo wayar Bara'atu da yamma: "Zinariyata, laifina ne. Kar ki damu, ki lallashi Baba."

Wannan saƙo ya fi zagi yi mata ciwo. Kwana uku kunya da nadama suna cin ta. A na huɗu ta tsugunna gaban mahaifinta.

"Baba, ba injin ba ne. Ni ce nake tokare shi don in ji wayarsa."

 Malam Audi ya aika aka kira Bilyaminu da maƙwabtan nan.

"A gabansu na ci mutuncinka, a gabansu nake roƙonka gafara. Ka turo magabatanka. Ku je ku yi hirarku a gidanku, garina ya huta."

Bayan kaka aka ɗaura aure, dattawa suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Da aka watse, amarya ta ce cikin kuka, "Ka yafe min, masoyina."

"Tun ranar da na kwance injin na ga shatin itacen a jikin farantin."

"Kuma ka yi shiru, ka ɗauki laifin?"

"To wa yake kiranki da la'asar?"