A-kori-kurar Masu Tsinkar Kofi

Ranar da Nahún ya shigo da a-kori-kura garejin Don Evelio a garin Marcala, wata budurwa ce ta fito daga ƙarƙashin wata mota tana goge hannu.

"Mai garejin nake nema," ya ce.

"Babana ya fita. Ni ce Dilcia. Me ke damunta?"

"Tana jan hagu, in na faɗa rami kuma sai ƙwas-ƙwas."

Ta ɗaga gaban da jak, ta kama tayar sama da ƙasa ta girgiza. Tayar ta yi lilo a hannunta. Ta kama gefe da gefe, nan ma haka. Ta shafa cikin tayar, ya cinye sumul.

"Boljoyin ya mutu, tayarod ma ya saki. Me kake ɗauka da ita?"

"Masu tsinkar kofi, zuwa gonar Don Rigoberto. Motarsa ce."

"Kada ka sake ɗora ɗan adam a kai. Tayar nan za ta naɗe muku a gangare."

Sai an aiko da kayan daga birni, don haka kullum Nahún na zuwa tambaya. Kayan ba su iso ba, shi kuma bai fasa zuwa ba. Har saƙonnin waya suka fara shiga tsakaninsu.

"'Yar bakanike, yau ma zuciyata tana jan hagu, wajen garejinku."

"Wannan ba ta gyaruwa, direba. Ka dai riƙe alƙawarina, kada ka ɗauki mutane a motar nan."

"Na riƙe, ruhina."

Wata safiya labari ya cika gari: a-kori-kurar ta kife a gangaren gona da mutane. Ba wanda ya mutu, amma Doña Chepita, ƙanwar mahaifiyar Dilcia, ta karye a ƙugu.

Don Evelio ya jefar da sifana. "Yaron da ya ji gargaɗi da kunnensa ya ɗebi mutane? Kada in sake ganin ƙafarsa a nan!"

Dilcia ba ta yi musu ba. Wayarta ta yi ta ƙara, ta kashe. Saƙo ɗaya kawai ta tura: "Na yarda da kai, ka karya min uwa. Ka manta da ni."

Abinci ya daina shiga. Ko kan ƙusa ta kama, sai hawaye ya rufe mata ido.

Da Doña Chepita ta samu bakin magana a asibiti, sai ta tambayi Dilcia, "Ina yaron nan Nahún?"

"Inna, kar ki ambace shi."

"Ke, kina da hankali? Shi ya tsaya gaban motar yana roƙonmu kar mu hau! Don Rigoberto ya kore shi daga aiki nan take, ya miƙa wa ɗansa makulli. Mu kuma muka hau, saboda kofi ya nuna. Da muka kife, Nahún ne ya hauro da ni a bayansa."

Dilcia ta dafa bango. Mahaifinta, da ke bakin ƙofa, ya cire hularsa.

Sun sami Nahún yana ɗaure kaya zai tafi neman aiki bakin teku.

"Ko tambayata ba ki yi ba, Dilcia," ya ce a hankali.

"Ban yi ba. Tsoro ne ya rufe min ido. Ka yafe min."

Don Evelio ya yi gyaran murya.

"Ɗana, na zage ka a kan laifin wani. Kwance kayan nan."

Bayan an gama tsinkar kofi aka ɗaura aure a coci. Doña Chepita ta zo a keken guragu, har yau ba ta taka ba. Ta haɗa hannayensu cikin nata tana kuka.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Ya ba ku zuri'a masu jin magana, ba irinmu ba."