Harafi Ɗaya a Wayar Dela

Dela tana tankaɗen garin tuwo a tsakar gidansu na Babura wayarta ta yi ƙara. Kafin ta kakkaɓe hannu, Adda, yayar mijinta, ta wafce wayar.

"Kawo nan! Ke da rubutu me ya haɗa ku?"

Shekara goma sha takwas ke nan Adda ba ta huce ba, wai ƙanenta Sama'ilu mai difloma ya tsallake 'yan boko ya ɗauko wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ita Adda kuwa aji huɗu na firamare ta tsaya, amma ka ce farfesa ce.

Adda ta ƙura wa saƙon ido, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Daga Sama'ilu ne. Ya ce ya sake ki! Ai dama na faɗa, wa zai dawwama da jahila? Tashi ki haɗa kayanki!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Dela. Hawaye suka ɓalle mata. Mutumin da ya tafi Kazaure da safe yana yi mata dariya? Har ta kai ƙofar ɗaki, sai ta tsaya. Wata huɗu ke nan kullum bayan la'asar yana zaunar da ita a bayan rumbu, yana zana mata haruffa a ƙasa da tsinke, ba wanda ya sani.

"Adda, don Allah ba ni in gani da idona."

"Ki ga me? Hoto ne?"

Dela ta karɓa. Ta ɗora yatsa, tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna yadda yake tsokanarta: "'E' bakinta a buɗe yake, 'a' kuwa mai tumbi ce." To, wannan mai tumbi ce!

"Na... sa... ka... Na saka ki!" Muryarta ta ƙara ƙarfi. "Na saka ki a ajin manya. Ranar Asabar za ki fara. Karanta da kanki, ɗalibata."

Adda ta hau gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

"Yo... hasken rana ne ya kashe mini ido."

Dela ba ta rama ba. Ta koma ta zauna, ta yi minti ashirin tana laluben haruffa, tana gogewa tana sakewa, har ta aika masa saƙonta na farko a duniya: "Na gode."

Da yamma Sama'ilu ya faɗo gida yana ɗaga waya sama, ko babur bai jingine daidai ba.

"Dela! Ke kika rubuta? Ke da kanki?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, amma wallahi zuciyarta cike take da alfahari.

Haƙuri ne ya hana ta fita da gaggawa, karatu kuma ya tsare mata aurenta. Duk wanda ya ce shekaru sun hana shi koyo, ya je Babura ya tambayi Dela. Ko ya tambayi Adda, da ta bi ta zuwa ajin ranar Asabar da sabon littafi ɓoye cikin mayafi.